Awo ko Tono: Ina Ya Kamata Masu Binciken Jini Su Sa Gaba?

A ce da hantsi an ɗebi jinin wani dattijo a Doguwa, an zuba a kwalba, an liƙa sunansa, aka danƙa wa direban da zai shiga Kano. Mota ta ratsa dajin Falgore, ta tsaya Tudun Wada aka cike gurbin fasinja, ta sake tsayawa Kwanar Dangora direba ya ci abinci. Kafin ta isa birni la'asar ta yi, kwalbar kuwa tana gaban mota rana na gasa ta. Jinin da ke ciki bai daina aiki ba. Ƙwayoyinsa suna ta cin sukarin da ke tare da su, kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kowace sa'a, muddin ba a raba su da ruwan jinin ba, ba a kuma sa maganin da ke tsayar da su ba. In zafi da girgizar hanya suka farfasa jajayen ƙwayoyin, sinadarin fotashiyam ya malalo cikin ruwan. Takardar da za ta dawo tana iya cewa sukarin dattijo lafiya lau alhali ciwon na cinsa, ta kuma ce fotashiyam ya hau har likita ya shiga fargabar ƙoda.

Duk wanda ya karanci kimiyyar sinadaran jiki ya san wannan tun yana aji biyu. Abin da ya raba kan masanan shi ne inda za a zuba ɗan abin da ake da shi: mutane kaɗan, kuɗi kaɗan, wutar lantarki da ba ta da alkawari. Wani ɓangare na cewa a tattara bincike kan gwajin da zai yi daidai, ya yi araha, ya jure zafin Afrilu a asibitin karkara, tare da gano gubar da ke cikin abinci da ruwa da ƙasar da jama'a ke takawa. Ɗaya ɓangaren na cewa a nutsa cikin ƙwayoyin gado da sarrafa sinadarai a can cikin tantanin jiki, don daga nan magani ke fitowa. Don sauƙin magana, a kira na farko masu awo, na biyu masu tono.

Hujjar masu awo

Masu awo ba sa fara magana sai sun ambaci Zamfara. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau kuma ba ya yi musu komai. Awon jini ne ya tona asiri: gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. Ƙaramar na'urar awon da aka kai ƙauyukan iyakarta maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini, yara da yawa kuwa sun zarce haka, na'urar ta kasa faɗin adadi. Fiye da yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ba wani sabon ilimi aka buƙata ba, in ji masu awo, domin illar dalma an san ta tun zamanin da. Wanda zai auna tun da wuri ne babu.

Daga nan sai su nuna Riruwai, hedikwatar Doguwa, inda aka san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, har yau kuma ana haƙo. Dutsen Riruwai na kuza da zinki ne, ba irin na ƙauyukan Zamfara ba, kuma masu awo na gaskiya ba sa cewa akwai annoba a can. Cewa suke gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: duk inda ake fasa dutse kusa da gidaje, ya kamata a riƙa bin jinin yara da ruwan rijiya da awo a kai a kai, kuma wannan aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya ɗauka ya yi suna da shi.

Haka suke faɗa game da masara, wadda Doguwa da Tudun Wada suka yi fice wajen nomanta. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana fitar da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B a jikin mutum ɗaya, hatsarin dajin hanta yana ninkuwa sau da yawa. A Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 a kaka guda. Cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar. Amma wa ke auna tuwon da aka tuƙa da ragowar da 'yan kasuwa suka ƙi saya? A Bebeji kuma ga dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, ga magudanan noman rani da ya shayar har Kadawa da Kura, ga tsargiya da ke bin irin wannan ruwa, har a wasu ƙauyukan ƙasar Hausa ake ɗaukar fitsarin jini a wurin yaro alamar girma.

Sai dai hujjar da suka fi ji da ita sabuwa ce. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar Kano, ciki har da jinotaif. Dalilin a fili yake: kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu na ɗauke da ƙwayar sikila, kuma ana ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a ƙasar. To yanzu aure ya rataya a kan takarda. Gwajin da aka fi yi a ƙananan ɗakunan awo shi ne a ɗiga jini a kan wata 'yar takarda, a sakar mata lantarki, nau'o'in sinadarin jan jini su rarrabu gwargwadon gudunsu, ma'aikaci ya duba layukan da ido. In wuta ta yi rawa, ko ruwan sinadarin ya tsufa, ko ba a jera samfurin da aka riga aka san nau'insa don kwatance ba, layin AS na iya rikiɗa ya yi kama da AA. Wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan ma sakamakonsa ruɗi ne. Labarin mutumin da aka ba AA a wuri ɗaya, aka ba shi AS a wani wurin, ba baƙon labari ba ne a asibitocin Najeriya. Masu awo suka ce wane bincike ne ya fi a gano sau nawa hakan ke faruwa daga Kiru zuwa Doguwa, da kuma wanne ne cikin sababbin gwaje-gwajen ɗigon jini ke riƙe gaskiyarsa bayan ya kwana wata uku a kabad mai zafi?

Kuma suna da abin alfahari. Gwajin saran kububuwa da ake yi a duniya yau, daga aikin da David Warrell da abokan aikinsa suka yi a arewacin Najeriya a shekarun 1970, lokacin yana Zariya, ya samo asali. Kwalbar gilashi ce mai tsabta, busasshiya. A zuba ɗan jini, a ajiye minti 20 ba taɓawa, a karkata. In jinin ya kwarara bai daskare ba, dafi ya shiga, a ba da magani. Babu wuta, babu firji, kuma manomin da maciji ya sara a gefen Falgore ba ya buƙatar fiye da haka kafin a san halin da yake ciki.

Martanin masu tono

Masu tono ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambaya suke yi: maganin da za a ba manomin bayan minti 20 ɗin, daga ina? EchiTAb, wanda ya ceci dubban mutane a asibitin Kaltungo, da dafin macizan Najeriya aka haɗa shi, amma a Birtaniya da Kosta Rika ake sarrafa shi. Macijin namu ne, majinyacin namu ne, ilimin rarrabe sinadaran dafin da masana'antar kuma na wasu. Wanda ya tsaya a awo kaɗai, in ji su, zai dawwama yana sayen kayan awo da dala, ranar da naira ta faɗi kuma ɗakin gwaji ya koma ɗakin hira.

Sannan su juya hujjar sikila kan masu ita. Babban binciken da aka yi a Kano kan cutar, wanda asibitin koyarwa na Aminu Kano da asibitin Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka gudanar tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, an buga sakamakonsa a 2022. Yara 220 da na'urar duba gudun jini a ƙwaƙwalwa ta nuna suna cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki aka ba maganin haidroksiyuriya, wasu miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, aka ga ƙaramin adadin ma yana karewa. Abu ne babba, domin a Amurka ƙarin jini duk wata aka saba yi wa irin waɗannan yara, abin da iyali a Tudun Wada ba za su iya ba. Masu awo na ɗaukar wannan nasararsu ce. Masu tono kuwa suka ce a bi salsala. Maganin yana aiki ne ta hanyar tayar da sinadarin jan jini irin na ɗan tayi, wanda jiki ke daina yi bayan haihuwa. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura jinin jarirai sababbin haihuwa ba ya lanƙwashewa sosai. A 1949 Linus Pauling ya nuna aibin a cikin sinadarin jan jinin kansa yake. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram a Cambridge ya gano tubali guda ɗaya tak ne ya sauya a jerin ginin sinadarin. Ba wanda ya warke a ranar da aka buga waɗannan. Amma daga wannan igiyar aka saƙa maganin da yaran Kano ke sha, daga ita kuma aka saƙa Casgevy, maganin gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a Disambar 2023, kan dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji su. In ba a raini masu wannan ilimi a gida ba, ba ranar da farashin zai sauko inda ƙasar da ta fi kowa yawan masu sikila za ta taɓa shi.

Hujjarsu mafi kaifi ita ce awon kansa yana ƙarya idan ba a san jinin da ake aunawa ba. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku, ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini. Mai sikila ƙwayoyinsa ba sa daɗewa. Mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma, shi ma gwajin na nuna masa ƙasa da gaskiya, har a sallami mai ciwon sukari a ce lafiyarsa ƙalau. Haka adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini: abin da littafin Turai zai kira ƙaranci, a wurin 'yan Afirka da yawa halittarsu ce, ba cuta ba. Ba mai awo ne ya gano waɗannan ba, mai tono ne. Kuma har yanzu 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu ba.

Sukan rufe da ƙoda. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda ke ba da kariya daga ciwon barci amma suna raunana ƙoda. Binciken da aka buga a 2024 kan mutum fiye da 8,000 a Najeriya da Gana ya tabbatar suna ƙara hatsarin ciwon ƙoda a nan gida, kuma yawansu ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Ga Gashuwa a jihar Yobe, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a shekara da shekaru ana ta muhawara kan sababinsa. Ruwa ne? Maganin feshi ne? Zafi da ƙishirwar manomi ne? Gado ne? Ƙaramar na'urar awo za ta ce ƙodar ta lalace, ba za ta ce me ya lalata ta ba.

Masu awo sun sake miƙewa

Amsar masu awo gajeriya ce, kuma tana da ɗaci. Suna ambatar Niprisan, maganin sikila da cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa a shekarun 1990 daga tsirrai huɗu, uku daga ciki sanannu ne a kowace kasuwar Hausa: masoro, kanumfari da karan dafi. An gwada, an ga yana rage yawan tashin ciwon, aka ba wani kamfanin Amurka lasisi, kamfanin ya durƙushe a 2008, magani ya ɓace daga kantuna tsawon shekaru. Suna ambatar marigayi Farfesa Andrew Nok na jami'ar Ahmadu Bello, wanda aikinsa kan sinadarin da ƙwayar cutar sammore ke amfani da shi wajen lalata jajayen ƙwayoyin jini ya ba shi kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Aiki ne na gaske, duniya ta yaba. Ya rasu a 2017, kuma har yau makiyayin da ke kiwo a gefen Falgore ba shi da allurar rigakafin sammore. Tono a ƙasar da ba ta da masana'antar da za ta karɓi abin da aka tono, in ji su, noma ne a gonar wani.

Da aka tankaɗe

Idan aka ajiye zafin baki, abu na farko da ke fitowa shi ne kusan duk misalin da ɓangare ɗaya ya riƙe, ɗayan ma yana da hannu a ciki. Binciken Kano kan shanyewar jiki bai ƙirƙiro magani ba, bai kuma tsaya a awo ba. Ya ɗauki tsohon ilimi ya yi masa tambayar da mutanen nan kaɗai ke da dalilin yi: mene ne mafi ƙarancin abin da zai wadatar? Irin wannan tsaka-tsakin shi ne inda masanan arewa suka fi barin tarihi, kuma yana nuna mizani ya ɗan rinjaya wajen masu awo, aƙalla a kan abin da za a fara da shi. Dalilin ma na masu tono ne: wanda zai binciki ƙwayar gadon ciwon ƙoda a Doguwa dole ya fara sanin wa ke da ciwon, kuma ba zai sani ba in kwalbar ta lalace a hanya.

Amma masu awo na yin shiru kan wani abu. Matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa da aka ce masa iyakar aikinsa gwada kayan da wasu suka ƙera, ba ya daɗewa kafin ya nemi biza. Cibiyar ACEGID da ke Ede, wadda ta warware jerin ƙwayoyin gadon cutar korona na farko a Afirka a Maris ɗin 2020, an gina ta ne shekaru kafin annobar, lokacin da za a iya kiranta almubazzaranci.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ba sa son a taɓo, domin dukansu sun ratsa ta cikinsa. Kaso mai yawa na binciken da ake yi a sassan kimiyyar sinadaran jiki na jami'o'inmu ba awo ba ne, ba tono ba ne. A samo ganye, a jiƙa, a tace, a ɗura wa ɓerayen da aka sa wa ciwon sukari da allura, a auna, a rubuta cewa ganyen na da alamar amfani, a buga, a sami ƙarin girma. Shekara mai zuwa wani ɗalibi ya ɗauki wani ganyen. Ba laifin ɗaliban ba ne, abin da aljihunsu zai iya ke nan, kuma abin da tsarin ƙarin girma ke ƙirgawa ke nan. Sai dai da za a karkatar da rabin wannan ƙarfi zuwa ko wanne daga cikin ɓangarorin biyu, da gardamar ta yi sauƙi.

Sai maganar yarda, wadda a Kano ba wasa ba ce. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, 11 suka rasu. An yi shari'a, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba, kuma daga kuɗin aka gina cibiyar bincike da ke Kwanar Dawaki. Tabon ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wannan ya fi nauyi a kan masu tono, domin su ne za su ce wa magidanci a Kiru ya ba da jinin ɗansa a adana shekaru, wataƙila a kai shi waje, ba tare da an ba shi wata takardar sakamako da zai amfana da ita gobe ba. Mai awo kuwa yana miƙa amsa a hannu. Mai yiwuwa hanyar mai tono zuwa ƙauye sai ta bi ta ƙofar mai awo.

Abin da ya rage a buɗe shi ne wa ke zaɓe. Binciken sikila na Kano da kuɗin cibiyar binciken lafiya ta Amurka aka yi shi. Shirin H3Africa, wanda binciken ƙoda ya fito daga cikinsa, Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyinsa shekara goma daga 2012. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikinsu don bincike, Najeriya ba ta kusanci haka ba, asusun TETFund kuma yana raba abin da yake da shi tsakanin dukkan fannoni. Masu awo na ganin da kuɗin na gida ne da an fara da jinotaif da dalma da fumfunar masara. Masu tono na ganin da kuɗin na gida ne da ba a bar jinin mutanen nan ya zama kayan binciken wasu ba. A halin da ake ciki, saurayi da budurwa a Doguwa na iya tsayawa gaban waliyyai da takardu biyu daga ɗakunan awo biyu, ɗaya ta ce AA, ɗaya ta ce AS, an riga an sa rana, ana jiran wanda zai ce ga ta gaskiya.